ZARE: Dokar da aka yi don sistocin Katolika, ta zo ta kama malama mai hijabi

1/ Yau Amurka za mu je, jihar Pensilbaniya. A ƙarshen 1984 wata malama Musulma ta je aiki a wata makarantar gwamnati da ke birnin Filadelfiya, shugaban makarantar ya ce mata ko dai ta koma gida ta canza kaya, ko kuma ba za ta shiga aji ba. Dokar da ya dogara da ita shekararta 89 a lokacin, kuma waɗanda suka rubuta ta ba Musulmi ne a gabansu ba sam. Zaren da tsawo fa, ku gyara zama 🧵

2/ Abin da ya ja ni ga wannan: musu muka yi da wani abokina a teburin mai shayi. Shi a ganinsa duk wata dokar hana malamai suturar addini a ƙasashen Turawa, don Musulunci aka ƙirƙire ta bayan harin 11 ga Satumba. Na so in yarda da shi, don abin ya yi kama da gaskiya. Da na bi tarihin na Amurka sai na tarar ya girmi kakanninmu.

3/ Kafin mu shiga, ku riƙe abu ɗaya. Gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ɗora wa gwamnati sharuɗɗa biyu a kan addini: kada ta kafa addinin gwamnati, kada kuma ta hana mutum yin addininsa. A takarda ba su saɓa wa juna. Matsalar tana tasowa ne idan mutum ɗaya ya zama shi ne mai addinin, shi ne kuma wakilin gwamnati. Malamar makarantar gwamnati ke nan.

4/ To idan ta tsaya gaban yara da mayafi ko gicciye ko rawani, wa ke magana? Ita ce, ko gwamnatin da ke biyan ta albashi? Duk shari'o'in da zan kawo muku a kan wannan tambayar suke kewayawa.

5/ Mu koma baya. Makarantun gwamnati na Amurka a ƙarni na 19 suna da sunan na kowa da kowa, amma a aikace na Furotesta ne. Ana karanta Baibul fassarar Sarki James, ana waƙoƙin cocinsu. Su a wurinsu wannan ba nuna ɓangaranci ba ne, haka dai makaranta take. Sai ga 'yan Katolika sun fara kwararowa daga Ailan da Jamus.

6/ A Filadelfiya, bishop na Katolika Francis Kenrick ya roƙi a bar yaransu su karanta fassarar Baibul ta ɗarikarsu. Ji-ta-ji-ta ta bazu cewa 'yan Katolika na son fitar da Baibul daga makarantu. A watan Mayu da Yuli na 1844 aka yi tarzoma, aka ƙona coci biyu na Katolika, mutane suka mutu. A kan fassarar littafi ɗaya fa. Duk wanda ya tashi a Kaduna ko Jos ya san yadda ji-ta-ji-ta irin wannan ke tafiya.

7/ Shekara 50 bayan haka, akwai wani ɗan gari a cikin duwatsun Pensilbaniya, Gallitzin, garin kwal da jirgin ƙasa. Sunan ma na wani yarima ne ɗan asalin Rasha da ya bar sarauta ya zama fada na Katolika a yankin. Yawancin mutanen garin 'yan Katolika ne, don haka hukumar makarantarsu ta ɗauki sistoci aikin koyarwa.

8/ Sista, ga wanda bai sani ba: matan Katolika da suka sadaukar da rayuwarsu ga coci, ba sa aure. Mu a nan "Rabaran Sista" muke jin ana cewa. Suturarsu a wancan zamanin doguwar baƙar riga ce har ƙasa, da lulluɓin kai, fuska da hannu kawai ake gani. Wallahi ka ga hoton wasunsu na 1890 za ka rantse matan wata Islamiyya ce.

9/ Wasu iyaye Furotesta suka kai ƙara, da goyon bayan wata ƙungiyar masu ƙin baƙi da ƙin Katolika mai suna Junior Order of United American Mechanics. Suka ce suturar kanta wa'azi ce. Ko sista ba ta buɗe baki ta ambaci addini ba, kayan jikinta suna koyar da Katolika tun safe har a tashi.

10/ A 1894 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar Hysong. Sistoci suka yi nasara. Mai shari'a John Dean ya ce hana mace aiki saboda suturar da addininta ya ɗora mata daidai yake da hana ta aiki saboda addininta. Ya tuna musu cewa jihar cike take da ƙananan ɗarikun Kirista masu tasu irin suturar. Su ma a kore su?

11/ Abin da kotu ta bari a haramce shi ne koyar da darasin addinin Katolika a cikin ginin makarantar. Wato ta ja layi tsakanin abin da malama ta saka da abin da ta koyar. Ni dai har yau ban ga layin da ya fi wannan ma'ana ba, kuma tun 1894 aka ja shi.

12/ Amma Dean ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce babu dokar da ta hana, sai dai idan majalisar jiha ta ga dama tana iya tsara wa malamai suturar aiki. Masu ƙara suka ji wannan da kyau. Ko shekara ba a rufa ba, a watan Yunin 1895, majalisa ta yi dokar.

13/ Ga abin da ta ƙunsa: malamin makarantar gwamnati ba zai saka wata sutura ko alama da ke nuna shi ɗan wani addini ko ɗarika ne ba, muddin yana bakin aiki. Laifin farko, dakatarwa ta shekara ɗaya. Na biyu, ya bar koyarwa a makarantar har abada.

14/ Sai kuma wurin da gizo ke saƙar: jami'an hukumar makaranta da suka ga malami ya karya dokar ba su dakatar da shi ba, su ma sun yi laifi, za a ci su tara, in suka maimaita a tuɓe su. Wato ko shugabanka yana sonka, ko ba ruwansa da suturarka, dole ya kore ka don ya ceci kansa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

15/ Ba su rubuta kalmar "Katolika" a cikin dokar ba. Ba za su iya ba, don da sun rubuta kotu za ta yi watsi da ita. Dole suka rubuta ta da harshen da ya haɗa kowa. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan ramin da faɗi suka gina shi.

16/ Shari'ar da ta kai dokar gaban Kotun Ƙolin jihar ma ba ta sista ba ce. Wata malama ce mai suna Lillian Risser a yankin Lancaster, 'yar ɗarikar Mennonite, ɗarikar da ita ma daga tsatson Furotesta ta fito. Matansu na saka 'yar ƙaramar hula da kaya marasa ado. Jami'an makarantar suka ƙi dakatar da ita, aka gurfanar da su.

17/ A 1910 kotu ta tabbatar da dokar. Hujjarta: dokar ba ta taɓa abin da ke zuciyar mutum ba, aikinsa kawai ta taɓa, shi ma a lokacin aiki. Ka yi imani da abin da kake so, ka saka abin da kake so a gida. Wannan hujjar tana da daɗin ji ga wanda addininsa bai ce masa komai a kan sutura ba. Ga wadda ta yi imani rufe kai wajibi ne, ma'anarta ita ce: zaɓi ɗaya, aikinki ko addininki.

18/ Wasu jihohi suka bi sahu. Nebraska ta yi tata a 1919. Oregon ta yi a 1923, lokacin da ƙungiyar Ku Klux Klan ke da ƙarfi a siyasar jihar, har kakakin majalisar wakilanta, Kaspar Kubli, mutuminsu ne. Klan ɗin nan dai da kuka sani, masu ƙin baƙar fata da Yahudawa da 'yan Katolika.

19/ Abin dariya abin takaici: mutanen da ke yawo da farar doguwar riga da hula mai tsini su rufe fuska, su ne suke cewa suturar sista tana tsorata yara 😭

20/ A Oregon ɗin ba su tsaya nan ba. A 1922 an kaɗa ƙuri'a aka amince da dokar tilasta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 16 zuwa makarantar gwamnati kawai, abin da zai kashe makarantun Katolika. Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan a 1925. Ta sutura kuwa ta tsira, ta ci gaba da zama a littafi.

21/ A Dakota ta Arewa, 1948, jama'a suka kaɗa ƙuri'ar hana suturar addini a aji, da zaton sistoci za su tattara su tafi. Sai shugabannin cocin suka ba su izinin saka kayan gida na mutunci, suka ci gaba da koyarwa. Bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 kuma, sistoci da yawa suka sassauta suturar ko suka ajiye ta gaba ɗaya.

22/ Shi ke nan, waɗanda aka yi dokar dominsu sun daina shiga tarkon. Dokar ta yi barci. Pensilbaniya ta sake kwafe ta cikin kundin dokokin makarantu na 1949, tana nan kwance tana jiran duk wanda zai zo da sutura.

23/ Wadda ta taka ta a Oregon ita ce Janet Cooper, malamar yara masu buƙata ta musamman a garin Eugene. Ta shiga addinin Sikh, a 1983 ta fara zuwa aji da fararen kaya da farin rawani. Aka dakatar da ita, aka ƙwace lasisinta na koyarwa. A 1986 Kotun Ƙolin Oregon ta ce dokar tana nan daram.

24/ Ku duba yadda kotun ta fassara dokar, don nan ne abin ya fi ba ni haushi. Ta ce 'yar ƙaramar sarƙar gicciye ko tauraron Yahudawa a wuya ba matsala. Saka alamar addini sau ɗaya a wani biki ba matsala. Abin da aka hana shi ne suturar da ake gani ƙarara kullum.

25/ To addinin wa ke buƙatar suturar da ake gani kullum? Ba na masu rinjaye ba. Doka ɗaya ce ga kowa a takarda, amma ɗan Furotesta zai yi shekara 35 yana koyarwa bai ma san da ita ba, Basikhe ko Musulma ko Bayahude mai 'yar hula kuwa ranar farko za ta tare shi a bakin ƙofa.

26/ Cooper ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙolin Amurka. A 1987 kotun ta kore ta a taƙaice, ta ce babu wata babbar tambaya ta dokar tarayya a ciki. Ba a zauna an saurari hujjoji ba. Amma a tsarinsu irin wannan korar tana da nauyin hukunci a kan ƙananan kotuna, kuma wata ce daban za ta biya kuɗinta.

27/ Yanzu mu dawo ga malamarmu ta farko. Sunanta Alima Delores Reardon. Tun 1970 take koyarwa a makarantun Filadelfiya. A 1982 ta fara rufe kanta da wuyanta, tana saka doguwar riga mai yalwa. Ta ci gaba da koyarwa haka, babu wanda ya ce uffan. Ba iyayen da suka yi bore, ba yaron da aka ce ya rikice.

28/ A ƙarshen 1984, sau uku tana zuwa makarantu a matsayin malamar cike gurbi, sau uku shugabannin makarantun suna tare ta da dokar 1895. Kowane karo an ba ta damar ta je gida ta canza. Kowane karo ta ƙi.

29/ Ta kai kuka hukumar tarayya mai kula da daidaito wajen ɗaukar aiki. Abin da zai ba wasunku mamaki: Ma'aikatar Shari'a ta gwamnatin Amurka ce da kanta ta shigar da ƙara a madadinta. Shi ya sa sunan shari'ar ya zama Amurka da Hukumar Ilimi ta Filadelfiya. Gwamnatin tarayya a gefen mai hijabi, dokar jiha a ɗaya gefen.

30/ Makaminsu shi ne dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda aka yi wa gyara a 1972. Ta ce dole mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan addininsa, sai fa idan sassaucin zai jawo masa wahalar da ta wuce kima. Kotun farko ta ba Reardon gaskiya, har ta gano cewa ƙin Katolika na cikin manyan dalilan yin dokar tun asali.

31/ A 1990 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Kun tuna tarar nan da na ce ku riƙe? Kotu ta ce tilasta wa hukumar makaranta ta bar Reardon ta koyar daidai yake da tilasta wa jami'anta su aikata laifi, kuma wannan wahala ce da ta wuce kima. Ta kuma jingina da korar ƙarar Cooper.

32/ Da aka zo kan tarihin ƙin Katolika, kotu ta ce ba shi da tasiri, tunda yanzu ana aiwatar da dokar a kan kowa, Musulmi da Katolika. A taƙaice: tunda kowa take cuta, ba ta nuna bambanci ba. Na karanta wurin nan sau uku ina neman abin da na rasa.

33/ Bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don suna da magana. Yaro ba da son ransa yake zuwa makaranta ba, doka ce ta kawo shi. Malami ke ba shi maki, shi ke hukunta shi, kuma yaro ɗan shekara 7 duk abin da malaminsa ya yi daidai ne a idonsa. Uban da addininsa ya bambanta yana da haƙƙin ya ji tsoro. Ba duk mai wannan tsoron ne ɗan Klan ba.

34/ Inda na rabu da su shi ne a kan abin da ya kamata a ji tsoro. A firamare wata malama Kirista ta koya mana lissafi, kullum da 'yar sarƙar gicciye a wuyanta. Babu ɗayanmu da ya fasa zuwa makarantar allo da yamma. Wanda ya bar tabo a ajinmu wani ne da ba ya saka alamar komai, amma bakinsa bai bar yaran da ba addininsu ɗaya ba sun sha ruwa. Dokar sutura da ta kori ta farko ta bar na biyun.

35/ Abin da ya fara girgiza dokar a Pensilbaniya shi ne lokacin da ta kama wata daga cikin masu rinjaye. A 2003 aka dakatar da Brenda Nichol, mataimakiyar malami, na shekara ɗaya saboda 'yar sarƙar gicciye da ta ƙi ɓoyewa. Alƙalin tarayya ya ba da umarnin a mayar da ita aiki, ya kuma nuna shakku a kan ingancin dokar. Duk da haka majalisa ba ta goge ta ba.

36/ Kuma ba malamai kaɗai abin ke shafa ba. A Filadelfiya ɗin dai, wata 'yar sanda Musulma, Kimberlie Webb, ta nemi izinin saka ɗankwali da kayan sarki. A 2009 kotun ɗaukaka ƙarar nan da ta kayar da Reardon ta kayar da ita, ta ce rundunar tana da haƙƙin kare kamanninta na rashin ɓangaranci. Kwatanta da Najeriya, inda a Maris 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince 'yan sanda mata su saka ɗankwali a ƙarƙashin hularsu.

37/ Daga nan dokokin suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Oregon ta soke tata a 2010, bayan Sikh da Musulmi da Yahudawa da Kiristoci sun haɗa kai sun matsa wa majalisa. Nebraska ta soke tata a 2017, kuma ku ji dalili: wata sista, Madeleine Miller, ta nemi aikin cike gurbi a garin Norfolk aka ce ba za ta koyar da suturarta ba. Bayan shekara kusan 100, dokar ta sake kama irin wadda aka yi ta dominta.

38/ Sai Kotun Ƙolin Amurka ta shigo da manyan hukunce-hukunce biyu. Na farko, 27 ga Yunin 2022: Joseph Kennedy, kocin ƙwallon Amurka a wata sakandaren gwamnati a Bremerton, jihar Washinton. Ya saba durƙusawa a tsakiyar fili ya yi addu'a bayan wasa. Makaranta ta dakatar da shi a 2015. Alƙalai 6 suka ba shi gaskiya, 3 suka ƙi.

39/ Mai shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce ba duk abin da malami ya yi a wurin aiki ne maganar gwamnati ba. Ya ma kawo misali: in aka bi hujjar makarantar, za a iya korar malama Musulma don ta saka ɗankwali a aji, ko a hana ma'aikaciya Kirista addu'a a kan abincinta. Ga misalin Reardon ya fito daga bakin Kotun Ƙoli, shekara 32 bayan ta faɗi.

40/ Amma gaskiya ni shari'ar Kennedy ba ta kwanta min kamar ta Reardon ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor, a nata ra'ayin na adawa, har hotuna ta saka na kocin a tsakiyar fili 'yan wasa sun kewaye shi. Akwai iyayen da suka ce yaransu sun shiga addu'ar ne don kada su ware daga sauran 'yan ƙungiya. Koci ne ke zaɓar wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Mayafin Reardon bai kira kowa ya zo ya durƙusa ba.

41/ Ka ɗauka kai ne ɗan wasa Musulmi guda ɗaya a wannan ƙungiyar, kana tsaye a gefe kowa ya durƙusa. Ko ka juya shi: kai ne Kirista guda ɗaya a ajin da malami ya ce kowa ya ɗaga hannu a yi addu'a. In amsarka ta canza da aka juya misalin, to ka sake duba ta. Ni ma sai da na sake duba tawa.

42/ Kennedy dai ya koma aiki a Satumbar 2023, ya yi wasa ɗaya, ya yi addu'arsa, ya ajiye aikin.

43/ Hukunci na biyu, Yunin 2023: Gerald Groff, mai raba wasiƙu a karkarar Pensilbaniya, Kirista da ba ya aiki ranar Lahadi. Da gidan waya ya fara raba kayan Amazon ranar Lahadi, aka yi ta hukunta shi har ya ajiye aiki. Tun wani hukunci na 1977, kotuna na ɗaukar ko 'yar ƙaramar ɗawainiya a matsayin wahalar da ta wuce kima. Alƙalai 9 duka suka ce a'a, sai mai ɗaukar aiki ya nuna asara mai nauyi.

44/ Wannan ya shafi mai neman fita sallar Juma'a, da mai gemu, da mai hijabi, da mai kiyaye Asabar. Ƙungiyoyin Musulmi da na Sikh da na Yahudawa sun rubuta wa kotu suna goyon bayan Groff, don sun san ma'aunin da aka auna shi da shi za a auna su.

45/ Pensilbaniya, wadda ta yi dokar a 1895, ita ce ta ƙarshe da ta ajiye ta. Sanatoci biyu mata, ɗaya 'yar Republican ɗaya 'yar Democrat, suka kawo ƙudurin, majalisa ta amince kusan baki ɗaya, Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a Nuwambar 2023. Shekara 128.

46/ Na san wasunku tun ɗazu suna tuna na gida. Firdaus Amasa da aka hana shiga bikin rantsar da lauyoyi a Disambar 2017 saboda hijabi, aka rantsar da ita da shi a Yulin 2018. Da hukuncin Kotun Ƙoli na 17 ga Yunin 2022 da ya ba ɗalibai mata damar saka hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Waɗannan ba a kan malamai ba ne, amma daga sashe ɗaya suka sha ruwa.

47/ Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999. Sakin layi na farko ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa a fili ko a ɓoye. Na biyu ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Mukan haddace na farkon idan mu ne 'yan tsiraru a wuri, mu manta da na biyun idan makarantar a hannunmu take. Duka ɓangarorin biyu muna yi, kowa a yankinsa.

48/ Abokina na teburin mai shayi bai faɗi gaba ɗaya ba fa. A wasu wuraren hijabin ne a tsakiyar rigimar tun farko. A Jamus, bayan shari'ar malama Fereshta Ludin a 2003, jihohi da dama sun hana malamai ɗankwali, wasu har suka yi ƙoƙarin keɓe alamomin Kiristanci daga hanin. A 2015 Kotun Tsarin Mulki ta ce hani na bai-ɗaya bai halatta ba, keɓewar ma haka.

49/ Kuma a daidai shekarun da jihohin Amurka ke goge nasu, lardin Kebek na Kanada sabuwa ya rubuta. A Yunin 2019 ya hana sababbin malamai da 'yan sanda da wasu ma'aikatan gwamnati saka alamar addini, ya kuma yi amfani da wani sashe na tsarin mulki da ke kare doka daga yawancin ƙalubalen kotu.

50/ A Disambar 2021 aka cire Fatemeh Anvari daga ajinta na uku a wata firamare a garin Chelsea saboda hijabinta, aka mayar da ita wani aikin da ba na koyarwa a aji ba. Yara da iyaye suka ɗaure koren ƙyalle a shingen makarantar don nuna suna tare da ita. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kebek ta tabbatar da dokar a Fabrairun 2024, a Janairun 2025 kuma Kotun Ƙolin Kanada ta amince za ta saurari ƙarar.